FARAR FITILA A ƊAKIN TAKABA

Shafi na 19

Na ga saƙonninku duka. Wadda ta ce in daina ja mata rai, ga shi nan, sai ta zauna da kyau.

*

Idan ka tsaya a bakin masallacin unguwa a Kwarbai ka tambayi wane ne Malam Abdulhamid, kafin ka rufe baki mutum uku sun ba ka amsa.

Mai shayi zai ce, "Wannan ko yatsa ka sa masa a baki ba zai ciza ba."

Tsofaffin mata za su ce, "Ɗan albarka ne, bai taɓa ɗaga wa uwarsa murya ba."

Tun da ƙaninsa Nasidi ya rasu kuwa, sai aka samu ƙarin abin faɗa. Shi ya yi masa wanka, shi ya shiga kabari ya karɓe shi. Daga ranar ya daina cin abincin kirki, har rigunansa suka yi masa yawa. Kowa cewa yake ba a taɓa ganin wan da ya yi kewar ƙaninsa haka ba.

Radiya, matar marigayin, ita ma haka take faɗa. Kwana arba'in tana faɗa.

Abin da aka sani shi ne, manoma ne suka tsinci Nasidi a wani fili a gindin dutsen Kufena, ranar Alhamis da rana, mota ta taka shi ta gudu. Ga babur ɗinsa a jingine ko ƙwarzane babu. Wayarsa ce kawai ba a gani ba. Malam da kansa ya ce a zaure, "Wanda ya iya cire waya a jikin gawa, sai dai Allah ya shirye shi."

Yau ce sadakar arba'in. Maza sun cika zauren waje, mata sun cika tsakar gida da ɗakin Radiya. An raba gumba da waina, an yi la'asar, sai zaman ya fara zama na hira.

Inna Mero, mahaifiyar su Nasidi, ba ta son haka.

"'Yar nan," ta ce wa Radiya, "kunna mana akwatin nan ki sa karatu. Bakin Larai ya fara kaiwa kasuwa."

Gwaggo Larai maƙwabciyarsu ta ce, "Ni kuma? Farashin gero kawai na tambaya, Mero. Ko mamacin ma da ransa yana cin tuwo."

Radiya ta dubi talabijin ɗin da aka lulluɓe da zani. Tun ranar rasuwar ba ta taɓa shi ba. A ƙarƙashinsa ga akwatin gem ɗin Nasidi na wasan talabijin, ga kuma doguwar baƙar sipikar nan mai kama da taɓarya.

Sana'arsa ke nan. Gida-gida ake kiransa cikin birni ya haɗa wa mutane talabijin da gem da sipika, ba tare da igiyar waya ta ratsa ɗaki ba. Duk abin da zai haɗa wa wani, sai ya fara gwadawa a ɗakinsa. Ta tuna ranar da ya kawo wannan, ya zaunar da ita kamar ɗaliba.

"Kin ga sipikar nan? 'Yar gidan mutunci ce. Ba ta amsa wa kowa sai wanda aka gabatar mata. Uku na gabatar. In ta kama talabijin, fitilar nan shuɗiya za ta yi. In gem ne, koriya. In wayata ce, fara."

"In duk suka zo tare fa?"

"Wayata ce 'yar gaban goshi. Da ta ji ƙamshina za ta saki kowa ta kama ni."

Har ya fita yana ƙirga taku don ya ga iya inda take ji. Ya dawo yana dariya.

"Katangar kakanmu ta fi ƙarfin bature. Daga zauren waje ba ta ji ko kaɗan. Sai na shigo soron ciki."

Tun daga ranar, farar fitilar ce sallamarsa ta farko. Da ta ga ta yi fari sai ta miƙe ta ɗebo ruwan sha, don ta san ya shigo soron ciki yana jingine babur.

Radiya ta yaye zanin. Ta jona soket, ta kunna talabijin, ta danna maɓallin gefen sipikar ta riƙe kamar yadda ya koya mata. Fitilar ta yi ta ƙyaftawa, sannan ta tsaya a shuɗiya. Ƙira'a ta cika ɗakin.

"Masha Allah," in ji Gwaggo Larai. "Kamar alaramman a bayan gado yake."

Radiya ta koma kan tabarmarta ta ja mayafi. Mata suka yi shiru. Aka yi aya goma, aka yi ashirin.

Sai karatun ya yanke.

A talabijin bakin alaramma yana motsi, amma ba sauti.

"An ɗauke wuta ne?"

"Ga hoto kina gani, wace wuta?"

Radiya ta ɗaga kai. Sipikar take kallo.

Fitilar ta yi fari.

Ba ta san lokacin da ta yunƙura za ta miƙe ba. Jikinta ya riga hankalinta, har hannunta ya nufi kofin ruwa. Sai ta tuna.

Wani huci ya fito daga sipikar, kamar iska a fili. Sai nishi. Sai murya.

"Radiya..."

Kofin ya faɗi.

"Radiya... ba sabis a nan... ina filin Kufena... ƙafafuna ba na jin su..."

"Innalillahi!" Wata mata ta zabura ta taka farantin waina.

"...ki ce masa ya dawo. Don Allah ki ce ya dawo ya ɗauke ni... ba zan faɗa wa kowa ba..."

Shiru.

Ɗakin ya hargitse. Masu salati na yi, masu neman takalmi na yi. Gwaggo Larai ta toshe kunnuwa tana karanta ayatul kursiyyu, tana tsallake rabi. Wata ta ce fatalwa ce. Wata ta ce dama ta faɗa, kayan nan na nasara aljanu ke zama a ciki.

Kafin su kai ƙofa muryar ta dawo daga farko, ta fi ta ɗazu ƙarfi.

"Radiya... ba sabis a nan..."

Tana yi tana ƙara ƙarfi, tana ƙara ƙarfi, har kwanukan jere suka soma rawa. Ta zo daidai "ba zan faɗa wa kowa ba" ta sake yankewa.

Mata suka watse zuwa can ƙuryar gida wajen madafa. Ɗakin ya rage Radiya da Inna, sai Gwaggo Larai da ƙafarta ta ƙi ɗaukarta.

Inna ba ta motsa ba. Carbinta ya zube a cinyarta.

"'Yar nan. Ɗana ne."

"Shi ne, Inna."

"Bai kwanta ba ke nan. Wani abu yake nema a wurinmu."

Radiya ta girgiza kai. Da fatalwa ce da ta fi samun sauƙi. Ta ce, "Inna, ba daga kabari ba ne. Daga wayarsa ne."

"Wayar da aka sace?"

"Wani ne ya kunna ta. Saƙon murya ne ya ɗauka kafin ya cika. Wanda wayar ke hannunsa yana so ya saurara a kunnensa, sai sipikar ta janye sautin. Shi bai ji komai ba, shi ya sa yake ta ƙara murya."

Gwaggo Larai ta sauke hannu daga kunne. "Kina nufin ɓarawon yana cikin masu cin wainarmu? A kira maza! A rufe zaure a caje kowa!"

"Ba a zaure yake ba, Gwaggo."

"To ina?"

Radiya ta dubi ƙofa.

"Ba ta ji daga zauren waje. Sai soron ciki."

Duk su ukun sun san soron ciki. Baƙo ba ya wuce zauren waje a gidan nan, ko ranar biki. Soron ciki na mazan gida ne, kuma mazan gidan nan biyu ne. Ɗaya yana kabari.

Inna ta ce a hankali, "Kashe abin nan."

"Inna..."

"Na ce ki kashe. Ki zauna a tabarmarki. Mai takaba ba ta yawo."

Shekara huɗu Radiya tana gidan nan, ba ta taɓa musa wa Inna ba. Ta miƙa hannu wajen sipikar. Yatsanta na kan maɓallin kashewa, sai ta ji kalmar nan tana yi mata amo a ka: ya dawo ya ɗauke ni.

Da ransa. Yana kwance a rana, yana jiran wani.

Ta zare igiyar cajin. Sipikar tana da batir saboda ɗaukewar wuta, fitilar ba ta mutu ba. Ta rungume ta a ƙirji kamar jaririya, ta fita.

"Radiya!"

Tsakar gidan taku goma sha biyu ne, amma ta ji kamar daga Kwarbai zuwa Ƙofar Jatau take tafiya. Ta isa bakin soron, inda tsohon labule ya raba cikin gida da wajen maza. Iyakarta ke nan, ba ta da ikon wucewa.

Ta dubi ƙasa. Ta ƙarƙashin labulen tana hango ƙafafu biyu cikin takalmin fata mai ɗinki a gefe. Nasidi ne ya kai shi wajen baduku aka ɗinke, wata biyu da suka wuce.

Ta durƙusa.

"Yaya Malam."

Ƙafafun suka zabura.

"Wa... Radiya? Lafiya? Me ya fito da ke?"

"Ina wuni, Yaya Malam."

"Lafiya lau. Hayaniyar me nake ji a ciki?"

"Me kake yi a soro kai kaɗai?"

"Kaina ke ciwo. Na ɗan shigo in huta da jama'a. Koma ɗaki, bai dace ba."

Muryarsa ce ta kullum, mai sanyi, wadda yake raba faɗan ma'aurata da ita. Har Radiya ta ji ta fara shakkar kanta. Sai ta dubi ƙirjinta. Fitilar na nan fara tas.

"Yaya Malam, ina wayarsa?"

"Wayar wa?"

"Ka sani."

"Subhanallahi. Radiya, baƙin ciki yana taɓa tunani. Ki yi ta istigfari. Wayar da aka sace tun..."

"Na ji muryarsa. Inna ta ji. Duk matan da ke ɗakina sun ji, har sau biyu."

Ƙafafun suka ja da baya.

"Sipikarsa ce a hannuna," ta ce. "Tana kama wayarsa daga soron nan, ba ta kamawa daga zaure. Ga fitilar a kunne. In ka kashe wayar yanzu, fitilar za ta mutu a gabana, na sani ke nan. In ka fita zaure, za ta mutu, na sani. In kuma ba ta wurinka, ka tsaya inda kake. Akwai maɓalli a nan, in na danna saƙon zai ci gaba daga inda ya tsaya. Kai ma ka ji ƙaninka."

"Kar ki danna!"

Maganar ta fito da ƙarfi har labulen ya motsa. Shi kansa sai da ya ji abin da ya faɗa.

Daga zauren waje aka ɗaga murya. Liman ne.

"Malam! Jama'a za su tashi, kai ake jira ka shafa mana fatiha!"

"Ina... ina zuwa, Allah gafarta Malam!"

Bai tafi ba. Ya rage murya kamar mai raɗa.

"Radiya, ki rufa min asiri. Ki koma ɗaki. In jama'a sun watse zan yi miki bayani, wallahi zan yi."

"Wa yake cewa ya dawo?"

"Ki bari sai..."

"Wa ya tafi ya bar shi?"

Ta ji takun sanda a bayanta. Inna ce ta ratso tsakar gidan, Gwaggo Larai na riƙe da gefen zaninta. Ta tsaya dab da labulen.

Malam ɗan fari ne. Shekara arba'in da shida Inna ba ta taɓa kama sunansa ba. "Babba" take cewa, ko "wancan". Ko a asibiti da aka tambaye ta sunan ɗanta, sai da ta juya ta ce wata ta faɗa.

Inna ta buɗe baki.

"Abdulhamid."

Gwaggo Larai ta dafe ƙirji.

A bayan labulen aka ji wani abu ya zube, kamar an yar da buhu. Gwiwoyinsa ne. Can sai hannu ya leƙo ta ƙasa, ya turo waya. Baƙa, gilashinta ya tsage a kusurwa, da ɗan zaren shuɗi da Radiya ta ɗaura mata da hannunta.

"Faɗa min," in ji Inna. "Ina tsaye."

"Inna... mota nake koyo."

"Mota?"

"Wani tsohon ɗalibina ne ya ba ni kyauta. Ban faɗa wa kowa ba, na ajiye ta a can wajen Kufena. Na ji kunya a ce kamar ni ina koyon tuƙi yara na yi min dariya. Shi kaɗai na faɗa wa. Duk Alhamis yake kai ni filin nan ya koya min. Na sa ya rantse ba zai faɗa ba, ko ga Radiya."

Radiya ta tuna Alhamis ɗin nan duka. "Aiki na samu a bayan gari," haka yake cewa, yana murmushin da ba ta gane ba.

"Ranar... ribas yake koya min. Ya sauka ya tsaya a baya yana yi min alama da hannu. Ya ce in taka birki." Muryar ta karye. "Na taka totur."

"La'ilaha illallahu," in ji Gwaggo Larai.

"Na fito na gan shi. Yana magana, Inna. Ya ce, 'Yaya, ɗauke ni.' Na kasa ɗaga shi ni kaɗai. Na ce bari in nemo mutane. Wallahi da niyyar haka na shiga motar."

"Ka samo su?"

"Na isa bakin hanya. Ga mutane nan a gindin bishiya, sun fi biyar. Ɗaya ma ya gane ni, ya ɗaga min hannu yana 'Allah gafarta Malam'. Sai bakina ya ƙi buɗuwa. Me zan ce? In ce ni ne na taka ɗan'uwana?"

"Sai ka yi yaya?"

"Na ɗaga masa hannu. Na wuce."

Radiya ta ƙanƙame sipikar.

"Da na dawo an fi awa ɗaya. Na same shi... ya riga ya... wayar na hannunsa. Na ga saƙon bai tafi ba. Na ɗauke ta."

"Ka zo ka yi masa wanka," in ji Inna. Ba ta ɗaga murya ba. "Ka zo ka riƙe hannuna ka ce in yi haƙuri."

"Kullum sai na kunna na ji muryarsa. A nan soron, ba wanda ke gani. Amma ban taɓa wuce wurin nan ba. Da ya ce ba zai faɗa wa kowa ba nake tsayarwa. Ban san me ya ce a ƙarshe ba. Ina tsoro, Inna. Ina tsoron ko tsine min ya yi."

"Malam!" Muryar Liman ta matso. "Lafiya kuwa? Ko mu shigo?"

Radiya ta dubi fuskar wayar. Layin saƙon ya tsaya a tsakiya. Saura rabi.

Nata ne. Da sunanta ya fara. Kwana arba'in yana aljihun wani.

Malam ya ce, "Radiya, don girman Allah, ba yanzu ba. Ga mutane nan..."

Ta danna.

Sautin yana nan a ƙarshen ƙarfinsa, yadda Malam ya bar shi. Hucin iskar Kufena ya cika tsakar gidan, ya cika soron, ya fita har zaure. Ta ji hirar maza ta ɗauke ɗif. Ta ji takun ƙafafu, ta ji an buɗe ƙofar soron ta waje.

Nishi. Sai muryar Nasidi, ta yi ƙasa sosai, amma har da 'yar dariyarsa a ciki.

"...a'a, bar shi ma, Radiya. Kar ki tayar wa Inna da hankali. Tsoro ne kawai ya ji... Na san Yaya. Ba zai bar ni a nan ba. Yanzu za ki ga ya dawo..."

Malam ya fizge labulen har ƙusarsa ta fita.

Ga shi a durƙushe, hula ta faɗi, fuska jage-jage da hawaye. A bayansa ga Liman a tsaye, ga dattawan Kwarbai cike da ƙofa, ba mai ko tari. A gabansa ga uwarsa, ta juya masa baya tana kallon katanga.

Bai rage murya ba wannan karon.

"Ni ne! Jama'a, ni na taka shi, ni na bar shi da ransa! Radiya, ki yafe min. Inna... Inna, ki juyo ki dube ni. Don Allah ki yafe min."